Irin da Bai San Rana Ba

Ɗana, an gaya mini ka samu gona a bakin ruwa, kuma bana kana so ka shiga noman rani da gaske, har kana tambayar farashin leda don ka kafa rumfar renon iri irin wadda ka gani a wajen Kadawa. Allah ya sa albarka. Ba zan hana ka ba. Gara in ga matashi yana lissafin kwami da kwando da in gan shi zaune a Kwanar Dangora yana ƙirga motocin da ke wucewa Zariya. Sai dai kafin ka zuba kuɗinka, zauna in gaya maka halin rana, domin a shekarun da na yi ina aikin malamin gona tsakanin Kiru da Bebeji da Tudun Wada na ga asarar iri mai yawa wadda rashin sanin halin nan ne ya jawo ta.

Ga yadda abin ke faruwa. Mutum ya yi renon tumatir ko tattasai a ƙarƙashin rumfa mai duhu, ko a gindin mangwaro, yana ba shi ruwa safe da yamma. Iri ya tashi kore shar, dogo, gwanin sha'awa. Ranar dashe a tumɓuke shi da hantsi a kai kwami. Kafin kwana biyu ganyen ya yi fari-fari, ya soma ƙyalli, sannan ya bushe daga baki. Mai gona ya ce an cuce shi da mugun iri, wani ya ce ai baki ne ya kama shi. Na ga wanda ya je ya ta da rigima a shagon da ya sayi gwangwanin iri, alhali maƙwabcinsa daga wannan gwangwanin ya ɗiba, kuma nasa yana nan tsaye. Na maƙwabcin a fili ya tashi, ya san rana tun yana da ganye biyu. Iyakar bambancin ke nan.

Hasken rana da kake gani fari, gauraye yake. Bakan gizo ne ke tona abin da ke cikinsa: ja a gefe guda, shunayya a ɗaya gefen, sauran launuka a tsakani. Da wannan hasken da ido ke gani ganye yake haɗa abinci. Saiwa ta jawo ruwa, ganye ya shaƙi iskar kabon ta wasu 'yan ƙofofi da suka fi yawa a ƙarƙashinsa, koren sinadarin da ke ciki, kulorofil, ya kama haske ya tsaga ruwan da shi, a ƙulla sukari, a saki iskar oksijin da ni da kai muke numfashi da ita. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, shi ya nuna tun 1779 cewa ganye ba ya fitar da wannan iska sai da haske. Duk buhun masarar da aka loda a Doguwa, duk sandar raken da ka taɓa sha, mafi yawan nauyinsu daga iska da ruwa ya taru ta wannan hanya. Abin da ƙasa da taki suka sa a ciki kaɗan ne, ko da yake in babu wannan kaɗan ɗin aikin ba ya tafiya.

To, bakan gizo bai ƙare a inda idonka ya tsaya ba. A 1801 wani Bajamushe, Johann Ritter, ya shafa wa takarda wani gishirin azurfa da ke yin baƙi in haske ya taɓa shi, ya raba hasken rana a kanta da gilashi. Inda ya fi saurin yin baƙi can gaba da shunayya ne, wurin da ido ba ya ganin komai. Wannan ɓoyayyen haske shi ne ultrabayolet, kuma ka daɗe da sanin aikinsa. Shi ke sa yaron da ya tsaya kallon walda ya kwana yana hawaye, yana jin yashi-yashi a ido. Shi ke cinye buhun takin da aka bari a fili har ka ɗaga shi ya marmashe a hannunka. Shi ke busar da tiyo ya tsattsage.

Masana sun kasa shi uku bisa tsawon zangon igiyarsa, kuma da nanomita suke aunawa, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Hasken da ganye ke haɗa abinci da shi yana tsakanin 400 da 700. Na A yana tsakanin 315 da 400, na B tsakanin 280 da 315, na C ƙasa da haka. Gwargwadon gajartar zango, gwargwadon zafin duka. Na C da zai sauko da babu ciyawar da za ta tsira, amma Allah cikin hikimarsa ya shimfiɗa iskar ozon can sama, tana shanye shi gaba ɗaya. Na A kusan duka yana saukowa, kuma dukansa da sauƙi. Na B ozon na tare mafi yawansa, ɗan abin da ya tsallako shi ne maganar da ta zaunar da mu.

A 1985 masu bincike na Ingila da ke zaune a Antaktika suka ba da labarin cewa ozon ya yi mummunan rauni a can. Aka gano gas ɗin da ake sa wa firji da gwangwanin feshi ne ke cin sa, ƙasashe suka taru a Montiriyal ta Kanada a 1987 suka amince a daina yin sa, Najeriya ma ta shiga, kuma yanzu ozon ɗin yana farfaɗowa a hankali. Abin da ya shafe ka a labarin shi ne abin da masu binciken noma suka gano a lokacin da tsoro ya kama su. Sun riƙa kunna wa shuka fitilun ultrabayolet a cikin ɗakunan gwaji masu ƙarancin haske, ɓarna ta fito da yawa, hankali ya tashi. Da aka maimaita gwajin a fili, a kan shukar da ta tashi cikin rana sosai, sai ɓarnar ta ragu ƙwarai. Abin da ya samu mai rigima a shagon iri, shi ya samu shukar ɗakin gwaji.

Mu nan Kiru muna tsakanin digiri 11 da 12 arewa da tsakiyar duniya. Sau biyu a shekara rana ke bi ta tsakiyar kanmu sak, wajen 20 ga Afrilu da kuma wajen 22 ga Agusta, ka kafa sanda da rana tsaka ka rasa inuwarta. Ga shi kuma ozon ɗin da ke saman ƙasashen zafi bai kai na saman Turai kauri ba. Saboda haka muna cikin waɗanda suka fi shan wannan haske. Da hunturu ne kawai muke samun rangwame: rana ta karkata kudu, hazon da iska ke kwasowa daga Bodele ta ƙasar Cadi ya rufe sama, ya tare kaso mai yawa. Shi ya sa wanda ya yi dashe a Nuwamba ko Disamba yakan yi sakaci ya tsira, shi kuwa mai dashen ƙarshen Fabrairu, bayan hazo ya janye, ba a yafe masa. Kada kuma lumshin damina ya ruɗe ka. Siririn girgije ba ya tare shi sosai, kuma bayan ruwa ya wanke ƙura sama ta fi buɗewa.

Idan na B ya shiga ganyen da bai shirya ba, wurare biyu yake duka. Yana lalata zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta, wanda likitoci ke kira DNA, yana manne wasu sassansa da bai kamata su manne ba. Yana kuma karya wani ɓangare na injin da ke tsaga ruwa a cikin ganye, wato mafarin haɗa abinci. Ganye ya daina tara sukari, ya koma kashe wanda ya tara wajen gyara. In ɓarna ta fi ƙarfin gyara, farin da ka gani ke nan.

Amma shuka tana jin wannan haske, kuma nan ne abin ya fi ba ni mamaki. A 2011 masu bincike a Turai suka tabbatar da cewa akwai wani furotin a cikin ganye, suka sa masa suna UVR8, wanda aikinsa shi ne jin saukar na B. Da zarar ya ji, sai ya ba da umarni. Fatar ganye ta soma tara wasu sinadarai da ake kira filabonoyid, waɗanda ke shanye ultrabayolet su bar hasken abinci ya wuce. Ganye ya yi kauri, kara ya gajarta ya yi ƙwari, a ƙara yawan masu gyaran zaren gado, waɗanda su kuma da shuɗin hasken ranar suke samun ƙarfin aiki. Duk wannan yana cin kwanaki. Ka tuna ɗalibin da ya dawo hutu daga birni aka miƙa masa fartanya: kafin azahar hannunsa ya yi bororo, alhali ƙanensa da ke gida bai ji komai ba, don ya riga ya yi kanta. Kanta kuwa ba a sayar da ita a kasuwa, kuma ba ta fitowa rana ɗaya. Har wa yau an lura cewa ganyen da ya tara waɗannan sinadarai ƙwari ba su cika jin daɗin cinsa ba, don haka ribar biyu ce.

Ka zagaya gonakinmu ka ga kowace shuka da dabararta. Farin garin nan da ke jikin karan dawa, wanda yake gogewa a rigarka in ka ratsa gona, kakin da dawa ta yi wa kanta ne, yana mayar da wani kaso na haske, yana rage fitar ruwa. Tumfafiya ma haka, shi ya sa take tsaye a inda komai ya ƙone. Sabon tofon mangwaro ja yake fitowa, ya rataye kansa ƙasa, sai ya yi ƙwari sannan ya koma kore ya miƙe. Dangin jan da ke cikin zoɓo ne yake kare shi kafin ya kammala shiri. Dawa da gero da masara da rake kuwa wata hanya suke da ita ta daban ta tara iskar kabon, wadda wasu masana biyu, Hatch da Slack, suka bayyana a 1966 daga binciken rake a Ostireliya. Da ita suke ci gaba da aiki da rana tsaka, lokacin da tumatir da wake da alkama suka ƙoshi da haske, suka rufe ƙofofinsu don gudun ƙishi. Wanda ya saba da noman dawa da damina yakan ɗauka kowace shuka haka take. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 mutanenmu suka shiga noman kayan lambu da yawa, kuma wannan darasi yana cikin waɗanda suka biya kuɗi mai tsada kafin su koya.

Yanzu ga abin da nake so ka yi. Gadon iri a fili za ka yi shi, nesa da inuwar ɗorawa ko mangwaro. Ka rufe shi da busasshiyar ciyawa bayan ka yafa, ka riƙa leƙawa, kuma ranar da ka ga ya soma huda ƙasa ka ɗauke ciyawar. Kwana biyu na jinkiri ya isa ya sa iri ya yi tsawo siriri, ba ƙwari, don neman haske yake yi a guje. In za ka yi masa rumfa, ta zama mai tsayi, mai ramuka, ta tare ranar tsaka kawai ta bar ta safe da ta yamma su shiga ta gefe. Iyayenmu da kara suke yi, suna zare shi kaɗan-kaɗan yayin da iri ke girma, kuma duk abin da na karanta daga baya bai ƙara wa wannan dabara komai ba sai bayanin dalilinta. Saura mako guda ko kwana goma a yi dashe, ka cire rumfar gaba ɗaya, ka rage ruwa, kada ka sa takin zamani mai sa ganye. Zai ɗan yi duhu, ya daina miƙewa, wataƙila karansa ya yi shunayya-shunayya. Kada ka tausaya masa. Wanda za ka ɗauka zuwa kwami shi ne gajere mai kaurin kara, ba dogon nan da ke kwantawa in iska ta kaɗa ba.

Lokacin dashe kuwa malamai sun riga sun auna maka shi. Muddin inuwarka ba ta kai tsawonka ba, ultrabayolet yana da ƙarfi. Idan ta kai da yamma, ka san la'asar ta gabato. To, in ta shiga ka yi salla, sannan ka tumɓuke iri da ƙasarsa, ka dasa, ka ba shi ruwa nan take, ya samu dare guda yana kama ƙasa kafin ya gamu da rana. Na san 'yan ƙwadago sun fi son aikin safe don su tashi da wuri. Ka ƙara musu wani abu su zo da yamma, ya fi maka araha a kan sake reno.

Maganar leda kuma, ba duka ce ɗaya ba. Ta kasuwa, irin ta shimfiɗa da rufe kaya, rana za ta cinye ta kafin shekara ta zagayo, kuma ƙarƙashinta zafi ke taruwa har ya dafa iri. Wadda aka yi don rumfar noma an gauraya ta da maganin da ke hana ta ruɓewa, kuma a cikinta akwai wadda ke hana ultrabayolet shiga kusan baki ɗaya, kamar yadda gilashin taga ke tare na B. Wannan tana da amfaninta. Farin ƙudan nan da ke ɗauko ciwon nannaɗewar ganyen tumatir da wannan haske yake gane hanya, in babu shi sai ya rikice, yaɗuwarsa ta ragu. Amma zuma ma da shi take gane fure, don haka mai kankana ko kokwamba ya yi hattara. Kuma irin da ya tashi a ƙarƙashin irin wannan leda shi ne ya fi kowane buƙatar a saba masa da rana kafin dashe, domin bai taɓa jin umarnin nan ba ko sau ɗaya. In ka sayi iri na tire daga manyan rumfuna, kada ka wuce da shi gona kai tsaye. Ka ajiye shi inda zai sha ranar safe, kana ƙara masa lokaci kullum, har mako ya cika. A ganina ma, da zafin ƙasarmu, raga ta fi leda dacewa da mai ƙaramin ƙarfi: tana tare ƙwari, iska na ratsawa. Shunayyar fitilar da kuke gani a hotunan rumfunan Turai a waya kuwa, ja da shuɗi ne aka haɗa don ƙasashen da rana ke yi musu rowa. Kai ba ka da wannan matsala.

Kada kuma ka ɗora wa ultrabayolet laifin da ba nasa ba. Zubar furen tumatir a Maris da Afrilu aikin zafi ne, garin fure ne ke mutuwa. Tumatirin da ya ƙi yin ja, kafaɗarsa ta tsaya rawaya, shi ma zafi ne, don jan ba ya haɗuwa sosai in ma'auni ya haura digiri 30 da 'yan kai. Farin tabon da ke fitowa a gefen tattasai da tumatir ta inda rana ke duka, zafi da tsananin haske ne suka taru a kan ɗan da ganye ya bari tsirara. Maganinsa ka kiyaye ganyen daga cuta, kuma ka hana yara fige shi da sunan wai a bar 'ya'ya su sha rana su nuna da wuri.

Feshi ma da yamma za ka yi. Ruwan 'ya'yan darbejiya da muke jiƙawa yana aiki, amma rana tana karya sinadarinsa cikin 'yan kwanaki, haka ma magungunan da aka yi da ƙwayoyin cuta masu kashe tsutsa. Tsutsar masarar nan da ta ɓulla a Najeriya a 2016 da rana ɓuya take yi a cikin zuciyar masara, sai gari ya yi sanyi take fitowa ci. Mai feshi da rana tsaka ya ba rana maganinsa, ya bar tsutsa tana barci, ga shi ya shaƙi abin da bai kamata ba cikin gumi. Ka kuma gaya wa mutanen gida su riƙa shanya zogale da kuka a inuwa inda iska ke ratsawa. Kauɗa tana son rana, amma ganye in ya kode a rana ya rasa launi, ya rasa wani kaso na bitamin da ake cin sa dominsa.

Jikinka ma ka ba shi hakkinsa. Baƙar fata tana da tata kariya, amma ido ba shi da ita, kuma wannan haske yana cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido. Duba sa'o'ina nawa ne ake ja da sanda, ka daina jin kunyar malafa don wai ta tsofaffi ce. Mai aiki a bakin ruwa ya fi buƙatarta, don ruwa ma yana mayar da wani abu sama. In kuma akwai zabiya a cikin yaran da ke taya ka aiki, kada ka tura shi korar tsuntsaye a gonar shinkafa da rana tsaka. Fatarsa ba ta yin kariyar da taka ke yi komai daɗewarsa a rana, ƙuna kawai take tarawa, kuma daga nan sankarar fata ke kama shi. Ka ba shi aikin sassafe ko na bayan la'asar, da riga mai dogon hannu da malafa mai faɗi, kuma duk ƙurjin da ya fito masa a wuya ko kunne ya ƙi warkewa, a kai shi asibiti a duba, kada a tsaya shafa mai.